Ƙarfen Kariyar Tarakta: Tambayoyin da Manoma da Direbobi Suka Fi Yi

Duk wanda ya daɗe a harkar tarakta yana da labarin wani da ta danne. Wani a bakin hanyar ruwa, wani yana ƙoƙarin fizgo motar da ta kafe a laka. Abin da ke ci mini rai shi ne maganin irin wannan mutuwa ya haura shekara 60 da samuwa, ƙarfe ne da bel kawai, amma har gobe ana sayar da tarakta babu shi, inda kuma yake sai ka tarar an naɗe shi an manta. Ga tambayoyin da na fi ji daga bakin masu tarakta da direbobi.

Wane ƙarfe ne wannan, kuma mene ne aikinsa?

Sanduna biyu ne masu kauri da ke tasowa daga jikin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, su haɗe a sama da kan direba. Akwai mai ƙafa huɗu, akwai kuma wanda aka gina a cikin ɗakin direba na manyan taraktoci. A takardun kamfanoni da jikin lambar da ake mannawa za ka ga an rubuta shi da haruffa huɗu, ROPS.

Ba ya hana tarakta kifewa. Aikinsa biyu ne. Yawanci yakan tokare ƙasa ya tsayar da ita a kan gefenta, kada ta ci gaba da mirginawa. In kuma ta juye gaba ɗaya, yakan bar wani ɗan fili tsakanin kujera da ƙasa wanda jikin mutum zai tsira a ciki. Bel ɗin kujera shi ke riƙe direba a cikin wannan fili.

Na shekara 20 ina tuƙi. In na ji ta fara tashi, ba sai in dira ba?

Malam, babu lokacin. Injiniyoyi sun auna: idan tarakta ta fara ɗaga gaba za ta kifa ta baya, cikin kashi 3 bisa 4 na sakan ɗaya take kaiwa inda ba ta dawowa, cikin sakan ɗaya da rabi kuma ta kwanta a kan direba. Kafin ido ya gani, zuciya ta gane, ƙafa ta nemo kuloci ta taka, an wuce wurin. Wanda ya yi tsalle kuwa sau da yawa gefen da tarakta za ta faɗa nan yake faɗawa, don nan ne gangara take.

Gwaninta tana rage yawan kuskure, wannan gaskiya ne. Sai dai gwani shi ake kira wa aikin da ya fi haɗari. Shi ake tasowa da dare in babbar mota ta kafe, shi ke shiga gonar da sabon direba ya ƙi.

Ƙasarmu a shimfiɗe take, ba duwatsu. Ina ruwanmu da wannan?

Akwai tuddai a Filato da Mambila da Biyu, amma a bar su. Tarakta ba ta bukatar dutse kafin ta kife. Nauyinta a sama yake, tayoyinta na baya manya ne, kuma ƙarfin injinta ya isa ya juya ta a kan kanta. Idan tayoyin baya suka kafe suka kasa juyawa, injin bai san haka ba, sai ya juya gangar jikin a maimakonsu, gaba ya tashi sama. Haka ke faruwa in an ɗaura sarƙa a sama, wajen sandar ɗaura garma, maimakon ƙarfen ja na ƙasa da kamfani ya tanada. Haka ma in an ɗaure itace a jikin taya don a fita daga laka. Wannan dabara ta ɗaure itace ta kashe mutane da yawa a duniya, kuma har yau ina ganin ana yinta.

Kifewa ta gefe ita ta fi yawa, kuma duk abin da ke jawo ta muna da shi: bakin hanyoyin ruwa na noman rani irin na Kadawa da Bakolori, kududdufan da aka haƙa a gefen titi, ramin zaizayar ƙasa da ciyawa ta rufe, kwana da gudu ana janye da tirela cike da buhunan masara, da taka birkin ƙafa ɗaya a kan kwalta saboda an manta a kulle fedojin birkin biyu wuri guda.

Akwai shaidar cewa ƙarfen yana ceton rai, ko tallar kamfani ce?

Shaidar da ta fi ƙarfi daga Suwidin take. A 1959 ƙasar ta zama ta farko da ta wajabta ƙarfen a kan kowace sabuwar tarakta, daga baya dokar ta haɗa da tsofaffi. Kafin dokar ta kankama, cikin kowace tarakta 100,000 ana rasa kimanin mutum 17 a shekara ta hanyar kifewa. Zuwa 1990 adadin ya sauko ƙasa da mutum 1. Taraktocin ba su daina kifewa ba, mutanen ne suka daina mutuwa a ƙarƙashinsu.

A Amurka kamfanin John Deere ya fito da nasa a 1966, ya kuma bar wa sauran kamfanoni damar amfani da fasahar. A 1976 dokar kare ma'aikata ta wajabta shi a kan sababbin taraktocin da ma'aikatan haya ke tuƙawa, a 1985 kamfanoni suka amince su riƙa sa shi a kan kowace sabuwa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, tana cewa ƙarfen tare da bel yana hana mutuwa ko mummunan rauni a kashi 99 cikin 100 na kifewa.

To me ya sa masu shi suke naɗe shi su bar shi a kwance?

A nan matsalar take, kuma ba na son a yi saurin ɗora wa manomi laifi. An ƙirƙiro mai naɗewa ne saboda ƙorafi na gaskiya: mai lambun 'ya'yan itace yana son shiga ƙarƙashin rassa, mai rumbu ko gidan kaji yana da ƙofa gajera. Sai aka yi wa sandunan gaɓa a tsakiya, a zare ƙusa biyu, rabin sama ya kwanta. Niyyar ita ce a kwantar da shi na minti biyar, a fito, a mayar.

Amma je ka tsaya ka kalli mai mayarwar. Sai ya kashe inji ya sauko. Ya zagaya baya, inda garma ko haro ke ɗaure, babu wurin tsayawa mai kyau. Ya taka hannun ɗaga garma, takalminsa da laka, hannu ɗaya ya riƙe marfin taya, ɗayan ya kai sama da kafaɗarsa ya turo ƙarfe mai nauyi wanda gaɓarsa ta sha ƙura da tsatsa. In ya samu ya miƙe, sai ya tokare shi da kafaɗa yana lalubar ramin ƙusa, ramukan ba su daidaita ba, ya girgiza, ya doka da dutse, ya koma ɗaya gefen ya maimaita. In ƙarfen ya kuɓuce, yatsa yake datsewa ko ya sauka a ka. Wannan duka don bishiya ɗaya da zai sake wucewa ƙarƙashinta bayan awa guda. Mutumin da ya kai shekara 60, ko mace, ko mai ciwon baya, ya yi wannan sau biyu, a na uku zai ce bari sai an tashi aiki. Daga nan ƙarfen ya kwanta ke nan har ƙarshen damina.

A Italiya, inda ƙananan taraktocin lambun inabi da zaitun suka yi yawa, masu binciken haɗurran gona sun sha tarar da mamaci a ƙarƙashin taraktar da ke da ƙarfen kariya, amma a naɗe. Naɗaɗɗen ƙarfe da babu ƙarfe duk ɗaya ne a ranar kifewa. A ganina wanda ya ƙera abin da ɗagawarsa ke bukatar saurayi mai ƙarfi yana da kaso a wannan laifi.

Me aka yi don ɗagawar ta yi sauƙi?

An bi hanyoyi da dama, kuma mafi yawansu ba su da wani sarƙaƙiya.

Ta farko ita ce sifirin da ake sawa a gaɓar. Lokacin da ƙarfen ke kwantawa sifirin ɗin yana murɗewa yana tara ƙarfi, wajen ɗagawa sai ya mayar da shi, ya ɗauke yawancin nauyin. Wasu kamfanoni suna amfani da sandar iska irin wadda ke riƙe murfin but ɗin mota. Amfaninta biyu, tana taimakawa wajen ɗagawa, tana kuma hana ƙarfen faɗowa da ƙarfi.

Ta biyu ita ce liba. A Jami'ar Tenesi ta Amurka, Farfesa Paul Ayers da abokan aikinsa sun fara da auna irin ƙarfin da ake bukata kafin a ɗaga waɗannan sanduna, sannan suka tsara hannun da direba zai kama ya ɗaga ko ya kwantar da ƙarfen yana zaune a kujerarsa. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Saukowar ce ke kashe niyya. Abin da za a yi daga kujera ana yinsa, abin da sai an sauko an zagaya ana ɗage shi zuwa anjima.

Ta uku ita ce ƙusar kulle. Maimakon wadda ake zarewa gaba ɗaya ta faɗi a ciyawa ta ɓace, akwai mai sifirin da ke maƙale a jiki, a ja ta a saki, in ƙarfen ya miƙe ta shige raminta da kanta. A wasu taraktocin lambu na Turai kuma man haidurolik ne ke yin aikin, direba ya taɓa liba kawai. Ƙungiyar OECD, wadda ke tsara ƙa'idojin gwajin tarakta da ƙasashe da yawa ke bi, ta shigar da batun ƙarfin da ɗagawa ke bukata da inda mai ɗagawa zai tsaya a cikin ƙa'idojin ƙananan taraktocin lambu. Ma'ana, tsaurin ƙarfe kaɗai bai wadatar ba, sai an duba ko mutum zai iya sarrafa shi.

Ga wanda tasa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai abin da zai yi da kansa ba tare da kashe kuɗi ba. Ya wanke gaɓar, ya sa mata giris duk lokacin da yake sa wa sauran gaɓoɓi. Ya ɗaure ƙusoshin da 'yar sarƙa a jikin maɗaurin da kamfani ya bari. Sannan ya ɗauki adda ya sare reshen da ke sa shi naɗewa, ko ya canza inda yake kwanar da tarakta. Sau da yawa reshe ɗaya ne ko ƙofa ɗaya ke jawo duk wannan.

Na ji an ce akwai wanda ke tashi da kansa.

Akwai. Injiniyoyin NIOSH sun ƙera shi suka kira shi AutoROPS. Yana zaune a gajarce, na'ura tana lura da karkatar tarakta, in ta ga za a kife sai ta saki sandunan su harba sama cikin ƙasa da sakan ɗaya. A Sifen ma jami'o'i sun yi irinsa. Ya yi aiki a gwaji, amma bai yaɗu a kasuwa ba. Kada kowa ya zauna jiransa.

Tawa tsohuwa ce, ta zo babu shi. Ana iya sa mata?

Yawancin sanannun samfura ana iya sa musu. Wahalar ita ce nemowa, kuma darasin da ya fi burge ni a kan haka daga jihar Niyok ta Amurka yake.

Wata cibiyar kula da lafiyar manoma da ke garin Kufastawun, NYCAMH, ta lura an shekara da shekaru ana wa'azi amma tsofaffin taraktoci suna nan tsirara. Sai ma'aikatanta suka je suka zauna da ƙananan manoma suka saurare su. Suka tarar manoman sun san haɗarin sarai, da yawansu sun san wanda ya mutu a haka. Abin da ke tsayar da su kuɗi ne, da wahalar bugun waya daga dila zuwa dila ana neman wanda ya dace da tarakta mai shekara 40, da kuma tunanin cewa ni dai na iya. Suka kuma gano cewa manomin da bai damu da kansa ba yakan yi shiru in an tambaye shi wa ke hawa taraktar bayan shi, ɗansa ko matarsa.

A 2006 suka buɗe shiri mai ƙafa uku. Layin waya ɗaya, manomi ya faɗi sunan tarakta da lambarta, ma'aikata su yi masa neman, su kawo masa farashi da inda zai samu. Sannan a mayar masa da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ya kashe, har zuwa wani iyaka. Na uku, saƙonnin da ke magana a kan iyali. Shirin ya bazu zuwa wasu jihohi, a 2017 ya zama na ƙasa baki ɗaya. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ma ta yi tallafi irin wannan a 1997 da 1998, ta haɗa shi da doka.

Abin da nake ɗauka daga nan shi ne layin wayar bai gaza tallafin kuɗin muhimmanci ba. Manomi a tsakiyar aiki ba shi da kwana uku na yawon nema. A wajenmu gwamnatoci da ƙungiyoyi suna sayen taraktoci da yawa a lokaci guda, kuma nan ne wuri mafi arha na gyara: a rubuta a takardar kwangila cewa ba a karɓar wadda ba ta da gwajajjen ƙarfe da bel.

Me zai hana mai walda na unguwarmu ya haɗa mini?

Masu waldarmu suna da hannu, ba na raina su. Amma wannan ƙarfe ba a gane ingancinsa da ido. A wajen gwaji ana ɗaure shi a tura shi da na'ura ta baya, a tura ta gefe, a danne shi ta sama, da ƙarfin da aka lissafa daga nauyin taraktar. Ana so ya ɗan lanƙwashe ya shanye dukan, ba tare da ya karye ko ya shigo filin direba ba. In ya yi laushi ya murƙushe. In ya yi tauri fiye da kima, dukan ya wuce zuwa inda aka ɗaure shi, ya fasa gidan tayoyin baya. Bututun ruwa da aka yi wa walda a kan marfin taya yana iya zama mashin da zai soke direban, ga shi kuma ya sa masa kwanciyar hankalin da babu dalilinta.

Akwai hanya ta tsakiya. NIOSH ta tsara wani mai rahusa da ake kira CROPS, na ƙarfen da ake samu a kasuwa, wanda akasari da noti ake haɗa shi, ta gwada shi, ta fitar da zanensa ga wasu tsofaffin samfura, ciki har da Ford 3000 da Ford 4000 da Massey Ferguson 135. Kowane zane na samfurinsa ne kaɗai, kuma sai an bi kaurin ƙarfe da ƙarfin noti yadda aka rubuta. Ina ganin wannan aiki ne da ya dace da sassan injiniyan noma na jami'o'inmu da cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilorin: a tsara wa Massey Ferguson 375 da ire-irenta da suka cika gonakinmu, a gwada, sannan a horar da masu walda su riƙa yi bisa zane ɗaya.

Tawa tana da rumfa a sama. Ba shi ke nan ba?

A'a. Rumfa ta rana ce. Wasu rumfunan a kan ƙarfen kariya na gaske aka ɗora su, wasu kuwa a kan 'yan siraran sanduna huɗu da aka ɗaure a marfin taya. Bi ƙafar da ido har ƙasa. In ta sauka a kan gidan tayoyin baya da manyan notuna, kuma akwai lambar gwaji a jiki, to da alama na gaske ne. In a marfin taya ta tsaya, inuwa kawai ka saya.

Sai dai rumfar tana da rana a wannan magana. Direban da ke wuni a zafin Afrilu yana son inuwa, kuma in rumfar a kan ƙarfen take, shi da kansa ba zai yarda a naɗe ko a cire ba. Dila mai hankali sai ya sayar da su tare.

Bel fa? Yana takura, ga ƙura ta cinye makullin.

Ƙa'idar gajera ce. In ƙarfen yana tsaye, a ɗaura bel. In babu ƙarfe, ko yana naɗe, kada a ɗaura, domin a lokacin bel ɗin zai riƙe ka ne a inda nauyin zai sauka.

Ƙarfe ba bel yana rage haɗari, amma mutum yana iya fita daga kujera ƙarfen da kansa ya danne shi. Ƙorafin ƙura kuwa gaskiya ne. Bel ɗin da ke reto yana jan ƙasa, makullinsa ya cika da yashi, babu mai ɗaura shi. Mai naɗe kansa ya fi, wanda makullinsa ke tsaye a gefen kujera inda hannu zai same shi ba sai an duba ba. In ya tsufa a canza shi, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Yaron da ke zama a kan marfin taya, ƙarfen zai kare shi?

Ba zai kare shi ba. Filin na mutum ɗaya ne, wanda ke kan kujera. Yaron tarakta da 'yan rakiya da masu neman a rage musu hanya duk a waje suke, kuma ba sai ta kife ba, rami ɗaya ya isa ya jefa mutum gaban tayar baya.

Ai in kwana ya ƙare, ko da ƙarfe ko babu sai an tafi.

Haka ne, rai a hannun Allah yake. Amma mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Babu direban da ke cire birki ya ce ƙaddara.

Ni ba na tuƙi, haya nake bayarwa. Mene ne nawa a ciki?

Kaso mafi girma, Alhaji. A wajenmu mai tarakta daban, mai tuƙi daban. Direba ba shi da ikon sayen ƙarfe, kuma in ana biyansa bisa yawan kadada, a makonnin farkon damina da kowa ke rububin a yi masa huɗa, duk mintin da ya ɓata wajen ɗaga ƙarfe daga aljihunsa ya fita. Kai ne za ka sayi mai sauƙin ɗagawa. Kai ne za ka ce kada ka ga taraktarka a hanya da ƙarfe a kwance, ka kuma duba da idonka in ta dawo da yamma. In aikinka bai haɗa da lambu ko gajeriyar ƙofa ba, sayi wanda ba ya naɗewa sam, ka huta da zancen. Kada kuma ka bari bakanike ya cire shi lokacin gyara ya jingine a bango da niyyar mayarwa gobe.

Ta taɓa kifewa, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe. A miƙe shi a ci gaba?

A canza shi. Ya riga ya yi aikinsa, ƙarfin da ya shanye ya tafi da shi, kuma miƙewa da wuta tana ƙara raunana shi. Haka nan ba a huda shi don ɗaura fitila, ba a yi masa walda, ba a ɗaura masa sarƙa a ja kaya. In ana son sa fitila ko madubi, a yi amfani da maɗauri mai matsewa. Wajen sayen tsohuwar tarakta a duba gindin sandunan, inda ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci daga ciki, a duba ko akwai sabon fenti a kan tsohuwar walda, a kuma tabbata notunan da ke riƙe da shi irin na kamfani ne, ba waɗanda aka tsinto a kasuwar 'yan gwangwan ba.